Muryar Faifan Obadiah

Ranar Lahadin da aka wayi gari ba a ji ƙararrawa ba a Ɗorawa Biyu, rabin garin ya makara. Matan da suka saba tashi da ita sun ɗauka ruwan da aka kwana ana yi ne ya danne sabon katikis, malamin cocin, a gado. Sai da rana ta leƙo ta bayan duwatsun Bwari sannan aka taru a gindin mangwaron coci, aka ɗaga kai, aka ga reshe tsirara.

Ba ƙararrawa ce irin ta manyan majami'un birni ba. Faifan garmar tarakta ne, ƙarfe mai faɗi da huda a tsakiya, wanda wani direba ya yar a bakin hanya tun ana sharar dajin da ya zama Abuja. Marigayi Obadiah ne ya tsinto shi yana saurayi, ya rataye shi da igiyar robar taya, ya yi ta bugunsa har tsufa ya kwantar da shi bara. Da shi ake kiran sujada, da shi ake kiran gayya, in gobara ta tashi ma shi ake duka. Kowa na ce masa faifan Obadiah.

Ƙarƙashin bishiyar kuwa duk sawun kofato ne.

"Ga shi nan a fili," in ji Justice, shugaban matasa, yana nuna ƙasa da ƙafa. "Shanun wa ke bi ta nan zuwa rafi? Ku faɗa mana, ku daina kunya."

"Na Maude," wasu suka amsa, suna nufin makiyayin da ke da ruga a gefen gari.

"To! Bara masarata, bana kayan coci. Baɗi kuma sai mu da kanmu?"

Mai unguwa Abraham ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce a je a kira Badamasi.

"Kurman?" Justice ya ce. "Ranka ya daɗe, mutumin da ko tsawa ba ya ji, shi zai nemo mana ƙararrawa?"

"Ido aka ce ya kawo, ba kunne ba," in ji mai unguwa. Amma ya ga idanun matasan, ya san ba zai iya riƙe su da baki kawai ba. Ya yanke cewa in kasuwar Bwari ta ci ba a ga faifan ba, Maude zai kwashe rugarsa ya bar musu ƙasa.

* * *

Badamasi tsohon maharbi ne, kuma babu wanda ya kai shi bin sawu a wannan yankin. Amma daji ya ƙare, gidajen bulo sun cinye inda gada ke kwana, kunnensa kuma ya bi daji ya tafi. Sai an yi masa ihu ta hagu, ko kuwa ya tsura wa bakin mutum ido, sannan yake kama magana. Mutane sun gaji da ihu. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse cikin birni, gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba. Kullum la'asar sakaliya, in Maude ya maido da shanu, yakan zo ya zauna a kan dutsen da ke ƙofar Badamasi, ya ajiye masa ƙwaryar nono, su zauna suna kallon hasken birni yana kamawa can ƙasa. Ba sa magana. Maude ya saba da shanu, bai ɗauki shiru a bakin komai ba.

Don haka da aka fahimtar da Badamasi abin da ake ciki, sai ya ji kamar an zare masa turken ɗaki. Ya ɗauki sandarsa ya nufi coci.

Wannan sandar abin dariya ce a garin. Tsohon yana da wata ɗabi'a, yakan ciji kanta da haƙori ya dogara gindinta a jikin abu, ya lumshe ido. Yakan ce kowace ƙara rawar jiki ce. Abin da bai girgiza ba ba ya magana, kuma rawar ba ta zaɓar hanya, tana bin iska, tana bin ƙasa, tana bin ƙashi. Zamanin Obadiah yakan zo ya dogara sandar a jikin mangwaron ana buga faifai, ya ji shi yana kuka a cikin muƙamuƙinsa. Obadiah kaɗai ne ba ya yi masa dariya.

Ya kori mutane baya, ya durƙusa. Shanun dai sun bi ta nan, amma bayan an ɗauke ruwa suka bi, suka tattake abin da ke ƙasa. A gefe, inda saiwa ta hana kofato sauka, ya ga zagayen gindin turmi. An kifa shi an taka don a kai reshe. Ya ɗaga kai. Babu guntun roba ko ɗaya a jikin reshen, ba yanka aka yi ba, kwancewa aka yi a hankali. Ya sa hannu a kogon da Obadiah ke ajiye ƙarfen bugu. Shi ma babu.

Sannan ya sami sawun. Ƙaramar ƙafa ce cikin silifas. Ta shigo da sauƙi, ta fita da nauyi, kuma yatsun ne suka ci ƙasa, dunduniya da ƙyar ta taɓa. Ya bi ta har kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ake shanya rogo, nan ta ɓace.

"Ranka ya daɗe," ya ce da ƙarfi, don bai san girman muryarsa ba, "mai kaya a ka a miƙe yake tafiya, dunduniyarsa ke nutsewa. Wannan a sunkuye ta tafi. A kafaɗa ta ɗauka."

Kowa ya san su wa ke ɗaukar kaya a kafaɗa. Matan Gbagyi, wato matan garin, ba sa ɗora wa kai kaya, sun ce shi ne sarkin jiki, ba a mai da shi jaki.

"Yesu!" wata mata ta ce. "Iyayenmu ne ɓarayin?"

Justice ya matso daf da kunnensa na hagu. "Baba, ruwa ya wanke, shanu sun taka, kai kaɗai kake ganin wannan abin! Ba tare kuke sallah da Maude ba? Ba nononsa kake sha ba? Kawo abin da kowa zai shaida, ba abin da ke cikin idonka ba!"

Badamasi ya dafa sandarsa ya juya. Ya san yaron bai yi ƙarya ba a wannan gaɓar. Bakinsa kaɗai ba zai ceci Maude ba.

* * *

A ruga ya tarar Adda, matar Maude, ta fara haɗa ƙore wuri ɗaya. Maude na zaune yana tufka igiya.

"Kai ka ɗauka?" Badamasi ya tambaya, don ya sauke wa kansa nauyi.

Maude ya dube shi, ya yi murmushi, ya yi magana a hankali yadda zai karanta bakinsa. "In kai shi ina, Baba? In rataya wa bijimi a wuya?"

"Ka ga wani da kuka bi?"

Maude ya girgiza kai. Sannan ya kwatanta da hannu biyu kamar mai tura kura. Ɗan jari-bola ya shigo garin ranar Asabar, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Washegari Badamasi ya hau acaɓa zuwa Dutse Alhaji. Ya tsani wurin. Dubban bakuna suna motsi, motoci suna wucewa kamar a mafarki, shi kuma yana tsakiya kamar wanda aka nutsar cikin rijiya. Ya sami ɗan jari-bolan, wani Zakariyya, a bayan tarin tsofaffin firji da ƙarafan gado.

"Ni?" Zakariyya ya buga ƙirji. "Baba, in saci abin da aka riga aka yi mini alkawari? Ogan cocin, Malam Thaddeus, shi da bakinsa ya ce sun sayi lasifika, in dawo wani mako in ɗauke faifan. A gaban mata ya faɗa, suna sharar coci. Duba kayana, duba!"

Badamasi ya duba, ba don yana tsammanin gani ba. Ya tambaye shi, in shi ne ya je ɗauka, yaya zai yi da robar.

"Roba? In sa wuƙa mana. Roba ai ba ta hawa sikeli."

A hanyar komawa tsohon ya yi ta juya maganar. Wanda ke son ƙarfe zai bar roba. Wanda ya kwance roba ya haɗa da abin bugu, murya yake so. Kuma faifai in an kwantar da shi a ƙasa bebe ne, sai yana rataye, yana lilo a jikin abu mai bayarwa, sannan yake sakin kukansa. Duk inda yake yanzu, a rataye yake.

Ya biya wajen katikis. Malam Thaddeus ya sunkuyar da kai. "Na faɗa, Baba, ban musa ba. Ni baƙo ne a nan, na ɗauka tsohon ƙarfe ne kawai. Yanzu ko a gaban mai unguwa kunyar faɗa nake ji."

"Su wa ke shara ranar?"

Ya lissafo masa mata da yawa. A ƙarshe ya ce, "Sai Mama Magdalene, matar marigayin. Ita ba ta ce uffan ba."

* * *

Gidan Magdalene na ƙarshen gari, inda sawun ya ɓace a kan dutse. Amma gidaje da yawa ne a wajen, kuma Badamasi bai taɓa nuna mutum da yatsa a kan zato ba. Ya same ta a tsakar gida tana fito da sababbin tukwane daga toka. Ba su haihu ba ita da Obadiah. Tsakar gidan a share yake tas, babu sawun kowa sai nata da na kaji.

"Sannu da aiki, matar abokina."

"Sannu, Baba. Ka zo neman ɓarawo a gidan tukunya?" Ta san ta hagu ake yi masa magana.

"Na zo shan ruwa."

Ta kawo masa. Ya zauna yana kallonta tana gwada tukwane. Takan ɗora kowace a kan yatsu uku, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta karkata kai. Ta ware wata gefe.

"Me ta yi?"

"Tana da tsaga a ciki. Ido ba ya gani, amma muryarta ta mutu." Ta ɗauki wata. "Mai lafiya ma, in ka rungume ta da hannu biyu ba ta magana. Sai ka sake ta."

Rana ta take tsaka. Can bayan tudu akwai kamfanin fasa dutse, kuma a irin wannan lokacin suke tayar da nakiya. Badamasi bai ji jiniyarsu ba. Abin da ya sani shi ne ƙasa ta motsa a ƙarƙashin cinyarsa, ruwan ƙwaryarsa ya yi zobba-zobba, kaji suka watse.

Tun da aka kafa kamfanin, duk wanda ya sani in nakiya ta tashi tudu yake waiwaya. Mutum ba ya iya hana wuyansa. Magdalene ba ta waiwayi tudu ba. Rumbunta ta juya ta kalla, ta karkata kai yadda take yi wa tukunya mai lafiya, fuskarta ta yi laushi kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Ta daɗe a haka.

Sai Badamasi ya tuna. Obadiah ya taɓa gaya masa cewa in aka yi fashin dutse, faifan kan amsa da kansa ba wanda ya taɓa shi, siririn kuka mai tsawo. Yana dariya ya ce ƙarfen da dutsen 'yan uwa ne, gaisawa suke yi.

Ya ajiye ƙwaryar. "Magdalene, za a kori Maude."

Ta ɗauki wata tukunya. "Za su huce. Kullum haka suke."

"Wannan karon ba za su huce ba. Adda ta haɗa ƙore."

Hannunta ya tsaya. Ya jira. Ta ƙwanƙwasa tukunyar, ba ta ɗago ba.

"Ni me na sani, Baba? Ni tsohuwa ce."

Ya tashi. Ya kama hanyar gida. Ya san irin gidan da ya baro, irin nasa ne. Ya san abin da ake ji in abu ɗaya ne tal ya rage mai yi wa mutum magana. Kuma shi ne zai je ya ƙwace mata shi a gaban jama'a, don a bar masa nasa. Da la'asar Maude bai zo kan dutse ba, an hana shi shiga gari. Badamasi ya zauna shi kaɗai har birni ya kunna fitilunsa.

* * *

Ranar kasuwar Bwari ya roƙi mai unguwa a tara mutane kafin rana ta take, ba a coci ba, a kan dutsen shanyar rogo. Aka zo da Maude, matasa na gefensa. Malam Thaddeus ya zo. Zakariyya ma ya turo kurarsa, wai ya zo a wanke shi. Magdalene ta tsaya a ƙofar gidanta, hannu a naɗe.

"To Baba, ga mu," in ji Justice. "Ina ɓarauniyar taka mai kafaɗa?"

"Ka ce in kawo abin da kowa zai shaida," Badamasi ya ce. "Ni ba ni da kunne. Naku zan ara. In nakiya ta tashi kada wanda ya yi tari, kada wanda ya ja ƙafa. Ku saurara kawai."

"Shi ke nan, tsohon ya zare," wani ya ce. Mai unguwa ya harare shi.

Aka tsaya cikin rana. Badamasi ya juya wa tudu baya, ya fuskanci jama'a. Bai san ko faifan na nan a rataye ba. Da ta sauke shi bayan tafiyarsa, ko ta naɗe shi da zane, da ya zama bebe, da Maude ya tafi da sunan ɓarawo. Ya dubi Magdalene. Ba ta dube shi ba.

Dutsen ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Kawuna suka juya tudu gaba ɗaya, kamar yadda aka saba. Ya jira. Duniyarsa shiru ce kamar kullum. Sai ya ga kan wata tsohuwa ya dawo a hankali, ya karkata. Sannan na Maude. Sannan na katikis, bakinsa a buɗe. Ɗaya bayan ɗaya kawunan suka juyo, kamar dawa in iska ta bi ta kanta, duka suka nufi wuri guda. Ya bi su da ido yadda yake bin sawun gada a raɓa, suka kai shi rumbun Magdalene.

Justice ne na ƙarshe. Badamasi ya karanta bakinsa. "Faifan Baba Obadiah."

Ba wanda ya motsa. Magdalene ce ta tako da kanta, ta janye murfin rumbun. Yana nan rataye a jikin sandar jinka, da robarsa, da irin ƙullin da Obadiah ke yi.

"Ni ce," ta ce. "Na ji an ce za a ba mai bola ya kai a narka. Tun ina amarya da wannan muryar nake tashi. Ban buga shi ba ko sau ɗaya, ina tsoro. Da rana kawai yake yi mini magana da kansa." Ta juya wajen Maude, ta durƙusa. "Ɗana, na ji ana kiran sunanka na yi shiru. Wannan ne laifina, ya fi satar."

Maude ya kama hannunta ya tashe ta. "Tashi, Inna. Ba kya durƙusa mini ba."

Malam Thaddeus ya fito ya amsa alkawarin da ya yi wa mai bola a gaban mata, ya ce faifan ba ya zuwa ko'ina. Mai unguwa ya ce a mayar da shi mangwaro, kuma daga yau Magdalene ce mai bugu. Justice ya tsaya yana susar ƙeya, daga baya ya je ya miƙa wa Maude hannu biyu. Maude ya karɓa.

Da la'asar ya zo kan dutse da ƙwaryar nono. Suka zauna. Badamasi ya ji numfashinsa ya sauka inda ya kwana biyu bai sauka ba. Da Maude zai tashi sai ya tsuguna a gabansa, ya yi magana a hankali.

"Baba, ka wanke ni. Da sunana zan tafi, ba da na ɓarawo ba. Amma Adda ta ce ba ta iya sake shiga gidajen nan da tallan nono. Ta ga fuskokinsu ranar. Ni ma na gani."

Su Maude suka zauna har ƙarshen damina. Wata safiya Badamasi ya fita ya ga sawun garken ya nufi arewa, manya a gaba, 'yan maruƙa a tsakiya, takalmin Maude a baya. A daidai ƙofarsa takalmin ya tsaya, ya juyo, ya daɗe a tsaye har ya nutse cikin ƙasa, sannan ya wuce. Ya bi sawun har bakin kwalta. Nan ya ƙare.

Bai koma gida ba. Ya bi ta coci. Magdalene na gindin mangwaro da ƙarfen bugu a hannu. Tun ranar rumbu ba ta yi masa magana ba, shi ma bai nemi ta yi ba. Ta gan shi, ta ɗaga hannu za ta buga, sai ta dakata. Ta nuna masa jikin bishiyar da haɓa.

Ya dogara sandarsa, ya ciji kanta, ya lumshe ido.

Ta buga. Kukan ya sauko ta roba, ya bi reshe, ya bi sanda, ya shiga haƙoransa ya cika masa kai. Ta jira har ya mutu ƙurmus kafin ta sake bugawa, yadda Obadiah ke yi in ya san abokinsa na saurare.